Kakana Bahago da Jitarsa

Abu na farko da idona ya faɗa a kai da na iso gidanmu na Ajingi shi ne zanen Iya, kakata, rataye a bangon shagon Kaka da ke jikin zaure. Atamfa ce mai ruwan ganye, wadda take ɗaurawa ranar Juma'a. Ba shanya aka yi ba. Wani abu aka lulluɓe da ita, kuma na san abin, domin kan jitar ya leƙo ta sama da 'yan maɗauransa na ƙarfe a jere.

Daga makarantarmu ta kwana da ke Gaya aka ɗauko ni. Kafin mu iso an riga an kai Kaka makwancinsa. Ban ga fuskarsa ba, sai takalmansa a ƙofar ɗaki, an haɗa su wuri guda kamar zai fito ya saka.

Maza suna zaune a tabarmi ƙarƙashin darbejiya. Ni aka sa kai ruwa da abinci, don an san ba na tsayawa surutu. Haka na riƙa jin abin da masu gaisuwa suke faɗa. Limamin unguwa ya ce tun da aka ɗaura lasifika a masallaci bai taɓa aikawa a kira mai gyara ba. Da Kaka ya ji muryar ladan ta shaƙe, sai a gan shi tafe da jakarsa. Wani tsohon Bafulatani, abokinsa na Kademi, ya tsaya a ƙofar shagon riƙe da sandarsa, ya ce, "Duk ranar kasuwa a nan nake jingine ta. Yau ban san inda zan ajiye ta ba." A cikin gida kuma wata tsohuwa ta zo daga Gafasa da ƙaramar rediyo a cikin mayafinta. Ba gyara ta kawo ba. Ta ɗora ta a cinya ne kawai, tana shafawa tana yi masa addu'a. Can gefe guda, wani kafinta na Gaya yana zaune shi kaɗai, bai ci komai ba. An ce shi ya yanko itacen da aka jera a kabarin, ya hana kowa taya shi.

Kowa ya faɗi alherinsa. Babu wanda ya ambaci jitar, sai da na kai kwano zaure na tarar da Baffa, yayan babana da ke zaune a Kano, yana yi wa babana magana ƙasa-ƙasa.

"Bayan sadakar uku a kwance ta," in ji shi. "Yadda ya sayo ta gunduwa-gunduwa, haka za a mayar. Na yi waya da mai shagon da yake saya a wurinsa, zai zo gaisuwa, sai ya tafi da kayan. Mutum ya je Makka ya dawo, ba na so a ce abin da ya bari a bango ke nan."

Babana ya ce, "To, Yaya. Yadda ka gani."

Na ajiye kwanon na fita. Masu gaisuwa sun faɗi rabin Kaka ne. Ɗaya rabin yana ƙarƙashin zanen nan, kuma shi ake shirin kwancewa.

Kaka bahago ne. Ba kowa ya sani ba, domin da dama yake ci, da dama yake gaisawa, da dama yake rubutu. Yana yaro aka riƙa ɗaure masa hannun hagu a baya lokacin cin abinci har ya saba. Amma in ya shiga shago ya zauna gaban rediyo ko fitila ko waya, sai hannun hagun ya fito kamar wanda aka sako daga turke. Da shi yake riƙe ƙarfen narka dalma, ba ya ko rawa.

Ina firamare wata rana ina zaune a bakin shagon ina kallonsa, sai wani ɗan noti ya gangaro daga tebur. Na cafe shi kafin ya taɓa ƙasa. Sai da na cafe na tuna da wane hannu na yi, na yi sauri na mayar da shi bayana. Kaka ya dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya doke ki a kansa?"

Na ce, "Gwaggo."

"Da me?"

"Da ludayi."

"Ni da muciya ne. Kin ga an samu ci gaba." Ya miƙo tafinsa na zuba masa notin. "Ki ci da dama, ki gaisa da dama, ki miƙa wa mutane abu da dama. Wannan haƙƙinsu ne. Amma in aiki ya zo, kada ki ɓoye gwani a bayanki ki aiki ɗan koyo."

Daga ranar ya fara kirana Bahaguwa, amma sai in babu kowa.

Labarin jitar ya girme ni, ya girmi babana. Yana saurayi ya yi zaman koyon gyaran rediyo a Sabon Gari a Kano, inda wasu makaɗa suke kawo amfilifayarsu, wato na'urar ƙara sauti, gyara. A wurinsu ya fara taɓa jita mai aiki da lantarki. Da ya ɗauka sai ya juya wuyanta ya kalli dama, yadda hannunsa yake so, suka kwashe da dariya. Haka ya koya a kife: tsirkiya mai kauri a ƙasa, siririya a sama, maɓallan ƙara da rage murya suna gurzar masa dantse. Ya ce a lokacin ya sa a ransa wata rana zai mallaki wadda aka yi dominsa. Sai mahaifinsa ya rasu, ya dawo Ajingi ya rungumi gonar gyaɗa da shago, ya yi aure, ya aurar. Sai da ya sakar wa 'ya'yansa gonar sannan ya waiwayi maganar. Ya zaga shaguna a Kano, duk jitar da ya gani ta masu dama ce. Shi ne ya ce, to, zai harhaɗa tasa.

Wuyan ne ya fara zuwa, na wata tsohuwar jita da ta fashe, an naɗe shi a buhu an ɗaure a saman bas tare da kayan 'yan kasuwa. Iya ta jujjuya shi ta ce, "Wannan ƙotar me ce? Fartanya ko gatari?"

"Ƙotar abin da ba ya noma ce."

"Na sani. Da yana noma da ba ka sayo ba."

A saman wuyan akwai wani ɗan farin abu mai tsagi shida inda tsirkiyoyi suke bi, daga tsagi mai faɗi zuwa matsattse. Na masu dama ne, don haka ya ɓamɓare shi. Abokinsa na Kademi ya kawo masa ƙashin sa busasshe, ya zauna yana gogawa har ya fitar da sabo, ya tsaga shi ta ɗaya ɓarin. Shagon ya yi ta warin ƙonannen ƙashi, Iya tana mita daga cikin gida.

Gangar jikin ce ta jawo rigima. Kaka ya zana siffarta da gawayi a kan takardar buhun siminti, har da inda za a fafe ramuka, ya kai wa kafintan nan na Gaya, wanda suka daɗe suna mutunci. Ya zaɓi katakon maɗaci. Ranar da aka kawo ina gida hutu. Aiki ne mai kyau, sumul kamar an lashe. Kaka ya ɗora a cinya, ya juya nan, ya juya can, sai na ga kunnuwansa sun motsa, alamar ransa ya ɓaci.

"Wa ya ce ka kife takardar?"

Kafinta ya yi murmushi irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran godiya. "Alhaji, na duba a waya, duk jitar duniya haka take. Na ga ka zana ta a baibai, na ji nauyin faɗa maka, sai na gyara."

"Ka gyara."

"Ai ba komai, kowa yana kuskure."

"Tun ina shan nono ake gyara ni. Yanzu har da katako."

Da ba a fafe ramukan ba, da juya katakon kawai za a yi. Amma an riga an fafe. Kafinta ya hau babur ɗinsa a fusace, yana cewa shi bai taɓa ganin wanda aka yi wa alheri ya yi fushi ba. Damina guda ba sa magana. Iya kuwa ta ɗauke katakon ta mayar da shi wurin yanka kuɓewa, ramukan suna tare mata yankakkiya. Takan ce, "Ni dai kafinta ya yi mini daidai."

Bayan kaka aka kawo wata rediyo gyara, aka ce ta wani mutum ce a Gaya. Da Kaka ya buɗe bayanta sai garin katako ya zubo. Ya yi dariya har da tari. Ya gyara, ya naɗe ta a cikin takardar simintin nan mai zanen gawayi, zanen yana kallon waje, ya mayar. Ba a daɗe ba, ranar kasuwa, sai ga kafinta da sabon katako ɗaure a bayan babur.

"Alhaji, ga ta a karkace yadda kake so."

"Ba a karkace take ba. Kai ne ka tsaya ta inda bai dace ba. Shigo ka sha fura."

Sauran kayan a hankali suka riƙa isowa, wannan ta hannun direba, wancan in ya shiga Kano da kansa: maɗauran tsirkiya, maɓallai, da ɗan ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a ciki, wanda ya ce jaki ake ce masa, kamar na garaya. Bai yarda ya kafa jakin da ka ba. Da zaren Iya ya auna daga ƙashin zuwa tsakiyar wuyan, ya ninka, inda zaren ya ƙare nan ya huda. Ya ce in jaki ya goce ko da faɗin ƙwayar gero ne, duk abin da aka kaɗa zai fito kamar mai mura.

Abin da ya fi ba ni mamaki wasu 'yan baƙaƙen abubuwa ne guda biyu da ake binnewa a ramukan. Mai shagon da ya sayar masa yana da sunan da yake kiran su da Turanci, Kaka dai kunnuwa yake ce musu. Maganaɗisu ne aka naɗe da waya siririya kamar gashi. Ya haɗa su da amfilifayar da ya ƙera daga wata tsohuwar rediyo, ya jona da batirin sola, ya ce in sa baki in yi magana. Na ce, "Salamu alaikum." Shiru. Ya ƙwanƙwasa da bakin sukundireba, sifika ta ce ƙwas.

"Kin gani? Ƙarfe kaɗai yake ji. Ba ya jin gulma. Da za a samu irinsa na mutane da na sayo wa Gwaggonki."

Da ya gama liƙa wayoyin sai wani ƙugi ya tashi a sifika kamar an taɓa amya. Ya kwance, ya sake liƙawa, ƙugin yana nan. Ina gefe na ɗora yatsa a kan jakin ba da niyyar komai ba, sai na ji ya ɗauke. Na ɗaga, ya dawo. Na daɗe ina yi kafin na iya cewa, "Kaka, duba." Ya duba, ya dafa goshi, ya ce ya manta wayar da ake kaiwa ƙarƙashin jaki. Ya liƙa ta, shagon ya yi tsit. "Da surutu kike da ba ki ji ba," in ji shi.

A dogon hutun da ya wuce ya ɗaura tsirkiyoyin, bayan la'asar, Iya tana zaune a ƙofar da ta haɗa shago da cikin gida tana ɓarar gyaɗa. Ya fara da mai kauri, a sama, inda ya daɗe yana son ganinta. Biyar suka hau lafiya. Ta shida, siririyar, yana cikin murɗawa ta tsinke ta tsarge shi a babban yatsa. Ya dubi ɗigon jinin ya ce, "Ta gaishe ni." Bai damu ba. Ya gyara zama, wuyan yana kallon dama, babu abin da yake gurzar masa dantse, ya fara kaɗawa da biyar ɗin.

Ban san sunan kiɗan ba. Mai sanyi ne, yana tafiya yana dawowa kamar na 'yan mata a dandali. Hannun Iya ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Ashe wannan kake nema duk shekarun nan?"

"Shi ne."

"To, ka samu. Rage murya, ga liman nan tafe."

Liman ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Ya dubi bango, ya dubi rufi, bai dubi cinyar Kaka ba.

"Alhaji, ni ban ji komai ba."

"Ni ma ban kaɗa komai ba, Malam."

"Lasifikar nan tana ɗan shaƙewa da asuba."

"Gobe, in Allah Ya kai mu."

Da liman ya wuce, Kaka ya ɗora mini ita a cinya. Ta fi yadda na zata nauyi. Ya jera mini yatsun dama a wuyan, ya ce in saki na hagu ya yi abin da ya ga dama. Wannan ne karo na farko da aka ba ni wani abu aka ce da hagu ake yi. Har hutun ya ƙare kullum sai ya koya mini kaɗan. Ranar da zan koma makaranta ya ce, "Siririyar kuwa, in na shiga Kano ganin likita zan taho da ita."

Ya shiga Kano, amma daga asibiti gida aka wuce da shi. Iya ta ce a kwanakinsa na ƙarshe babu abin da ya nuna yana damunsa. Yakan sa a buɗe ƙofar shago don iska, ya yi sallarsa a zaune, ya tambayi kowa lafiyar gonarsa. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba shi littafinsa a hannun da ya yi wa mutane biyayya da shi duk rayuwarsa.

Ranar sadakar uku mai shagon da Baffa ya yi wa waya ya zo daga Sabon Gari, dattijo ne mai furfura, ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar ɗan gida. Bayan jama'a sun ragu, Baffa da babana suka shiga shago da shi. Aka ce in kai wa baƙo ruwa. Na tarar Baffa ya yaye zanen, ya sauko da jitar, ya zaro sukundireba daga gwangwanin Kaka.

Mai shago ya daɗe yana kallonta. "Ashe Baba ya gama ta," in ji shi. Ya bi gefen katakon da yatsa. "Alhaji, kunnuwan da maɗauran zan iya karɓa. Amma gangar jikin nan da ƙashin nan, sai bahago. Tun da na buɗe shago shi kaɗai ya taɓa tambayata."

Baffa ya dubi ƙashin. Can ya ce, kamar da kansa yake, "Da hagu yake yi mana aski muna yara. Na ɗauka don ya fi ganin ƙeya ne."

Ya ɗora ta a cinya yana neman inda zai fara kwancewa, wuyan yana kallon hagu, maɓallan sun shige ƙarƙashin hannunsa. Ban shirya magana ba. Ji na yi kawai ta fito.

"Baffa, a kife take."

Duk suka juyo. Na ji kamar in nutse. Baffa ya dube ni, ya dubi jitar, sannan ya miƙo mini. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na juya ta, ta zauna daram. Na kifa tafin hagu a kan tsirkiyoyin don kada su yi ƙara, gidan makoki ne.

Baffa ya ƙura wa hannun ido. "Ke ma?"

Na gyaɗa kai.

Sai muryar Iya ta fito daga bayan ƙofa, inda take zaman takaba. "In kun gama ku miƙo mini zanena. Ba don a ɓoye ta na rufa ba. Ƙafafu sun yi yawa, shi kuma ba ya son ƙura ta hau kunnuwan."

Babana ya sunkuyar da kai. Mai shago ya shanye ruwansa. Baffa ya jujjuya sukundireban a hannu, ya jujjuya, sannan ya mayar da shi cikin gwangwani.

"Kayan gado ne, ba nawa ni kaɗai ba," in ji shi. "Sai dai har yanzu ban ji wanda ya ce yana so ba." Ya sunkuyo kaɗan don ya ga fuskata. "Jikar Baba, kina da magana?"

 Na dubi maɗauri na shida, wanda babu komai a jikinsa.

Na ce, "Baffa, a bar ta a haɗe. Kuma in za ka dawo sadakar arba'in, don Allah ka biya ta shagon nan ka taho mini da tsirkiyar da ta rage. Siririyar. A can ƙasa take zama."